Ido Ba Mudu Ba Ne

Hausawa suna cewa ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Gaskiya ne. In ka ga damin gero, kana iya cewa zai yi mudu kaza, kuma sau da yawa ba za ka yi nisa da daidai ba. Amma in ka je kasuwa sayen hatsi, ba ka yarda mai hatsi ya zuba maka da ido. Sai ka ce ya kawo mudu. Don me? Domin kima ba ta raba gardama, sai mudu.

Kuskuren ido a kan hatsi asarar 'yan kuɗi ce. Amma akwai wuraren da kuskuren ido ke jawo asarar rai. Gada tana iya karyewa da mutane a kanta. Gini yana iya rushewa a kan masu barci. Yaro yana iya ramewa a hankali a gaban uwarsa, ba ta lura ba sai abu ya yi nisa. Saboda haka injiniyoyi da likitoci ba su dogara ga ido kaɗai. Suna awo, suna gwaji. A wannan darasi za mu ga yadda su ke yi, da abin da mu ma za mu iya yi a ƙauyenmu.

Hannu Ma Yana Ruɗin Mai Shi

Ku gwada wannan a aji. Ku samo ƙwarya uku. A ta fari ku zuba ruwan randa mai sanyi. A ta biyu ku zuba ruwan zafi, amma ba wanda zai ƙona hannu ba. A ta uku ku gauraya biyun, ruwan ya zama mai ɗumi. To, mutum ɗaya ya sa hannun dama cikin ruwan sanyi, hannun hagu cikin ruwan zafi, ya ƙirga daga 1 zuwa 60. Sa'an nan ya tsoma hannuwansa duka biyu cikin ƙwarya ta uku.

Hannun dama zai gaya masa ruwan nan da zafi. Hannun hagu zai gaya masa da sanyi. Ga ruwa ɗaya, ga mutum ɗaya, amma shaida ta rabu biyu. Dalili kuwa, hannu ba ya sanin ainihin zafin abu. Yana kwatanta shi ne da abin da ya taɓa ɗazu.

Haka awon kamu da gaba da taku. In ka aiki dogo ya auno maka igiya gaba 10, ka aiki gajere shi ma ya auno gaba 10, igiyoyin ba za su zo daidai ba, alhali kuwa babu wanda ya yi ha'inci a cikinsu. Saboda haka awo na sosai yana bukatar ma'auni wanda ba ya sākewa, ko a hannun wa ya ke. Abin da ma'aunin ya nuna kuma sai a faɗe shi da lamba, a rubuta, don lamba ba ta mantuwa.

Gwaji Iri Biyu

Mace in za ta sayi tukunya a kasuwa, takan ƙwanƙwasa ta da yatsa, ta kasa kunne. In tukunyar ta yi amo garau, lafiyayya ce. In amon ya mutu, akwai tsaga ko da ido bai gan ta ba. Ta gwada tukunya ke nan, tukunyar kuwa ba ta fashe ba.

Mai sayen gyaɗa kuma dabam ya ke yi. Yakan ɗebo 'yan ƙwayoyi daga buhu, ya ɓare, ya tauna. Waɗannan da ya tauna sun tafi, amma sun ba shi labarin sauran. In mai wayo ne, ba daga bakin buhu kaɗai zai ɗiba ba, sai ya cusa hannu tsakiya, don ya san mai kyau a kan ɗora a bisa.

Duk gwajin da injiniyoyi ke yi bai wuce iri biyun nan ba. Akwai wanda ba ya ɓata abin da a ke gwadawa, irin na mai tukunya. Akwai wanda a ke ɗiban kaɗan daga cikin kaya a fasa shi da gangan, irin na mai gyaɗa.

Ga misalin na fari. A dā ma'aikatan jirgin ƙasa sukan bi ƙafafun jirgi da guduma mai dogon ƙota, suna bugawa suna saurare, don su gane wadda ta tsage. Yanzu akwai na'ura mai aika wani irin amo cikin ƙarfe, amon da kunnen mutum ba ya ji. In amon ya ci karo da tsaga a ciki, sai ya komo da wuri, na'urar ta nuna wurin. Da irin wannan amo ne a ke duba mai ciki a asibiti, a ga kwanciyar jariri ba tare da an yanka kowa ba.

Gadar Da Ta Faɗi

A ƙasar Sikotlan, arewa da Ingila, akwai wani babban kogi mai suna Tay. A shekarar 1878 aka buɗe gadar jirgin ƙasa a kansa, tsawonta kusan mil 2. Kowa ya gan ta sai ya yaba. A daren 28 ga watan Disamba, 1879, aka yi iska mai ƙarfi ƙwarai. Jirgi ya hau gadar ɗauke da mutane. Yana tsakiya sai gadar ta karye, ta faɗa ruwa da jirgin. Babu wanda ya tsira.

Hukuma ta sa a yi bincike. Aka kwashi gutsattsarin ƙarfen gadar aka kai wa wani mutum a Landan, sunansa David Kirkaldy. Shi wannan mutum tun 1866 ya buɗe gidan gwajin ƙarfe. Yana da wani ƙaton inji wanda ke jan ƙarfe ko ya matse shi har ya karye, yana kuwa nuna yawan ƙarfin da ya karya shi. Gwajin ya nuna waɗansu kunnuwan ƙarfe da ke riƙe da sandunan gadar suna karyewa tun nauyi bai kai inda a ke zato ba. Masu bincike kuma suka gano ba a yi lissafin ƙarfin iska yadda ya kamata ba sa'ad da a ke tsara gadar. Da an yi gwajin nan sosai tun kafin gini, da an ga aibin a gidan gwaji, ba a cikin kogi ba.

Yau in za a yi babban gini, a kan yanki guntu daga cikin rodin da aka kawo, a kai gidan gwaji. Inji ya kama shi sama da ƙasa, ya yi ta ja a hankali. Abu biyu a ke dubawa. Na fari, nauyi nawa ya ɗauka kafin ya soma miƙewar da ba ya komawa. Na biyu, yaya yawan miƙewarsa kafin ya tsinke. Rodi mai kyau yakan miƙe ƙwarai tukuna, saboda haka ginin da aka yi da shi yakan nuna tsaga, ya yi wa mutane kashedi. Rodi mai gautsi kuwa karyewa ya ke yi farat ɗaya. A kan kuma lanƙwasa wani guntun a duba bayansa ko ya tsattsage. Maƙeranmu sun san wannan, don sun san ƙarfen da ke yin fartanya da wanda ba ya yi.

Yadda A Ke Gwada Kankare

Kankare haɗin siminti ne da yashi da tsakuwa da ruwa. Mutane da yawa suna zaton bushewa ce ke sa shi ƙarfi. Ba haka ba ne. Siminti haɗuwa ya ke yi da ruwa, su zama abu ɗaya mai tauri, aikin nan kuwa yana ɗaukar makonni. Shi ya sa a ke yayyafa wa sabon kankare da sabon bulo ruwa kullum. In rana ta busar da su da wuri, ƙarfinsu ba ya cika.

Amma kuma in ruwa ya yi yawa wajen kwaɓi, ɓarna ce. Wani injiniya na Amurka mai suna Duff Abrams ya yi gwaje-gwaje masu yawa, a 1918 ya bayyana cewa gwargwadon yawan ruwan da aka ƙara wa siminti, gwargwadon raguwar ƙarfin kankare. Kwaɓi mai ruwa-ruwa yana da daɗin zubawa, lebura ba ya wahala. Sai dai ruwan da ya yi saura yakan bar 'yan ƙananan ramuka a ciki, waɗanda ido ba ya gani.

Don gane wannan tun kafin a zuba, akwai wani gwangwani marar gindi, mai faɗi a ƙasa da tsukakken baki a bisa, tsayinsa santimita 30, watau ƙafa ɗaya. A kan cika shi da kwaɓin a hawa uku, kowane hawa a soka shi da sandar ƙarfe sau 25. Sa'an nan a ɗaga gwangwanin a hankali. Kwaɓin zai ɗan zauna. Sai a auna santimita nawa ya sauka. In ya baje kamar kunu, ruwa ya yi yawa, ba a zuba shi.

Babban gwaji kuwa shi ne na fashi. Ranar da a ke zuba kankare, a kan ɗebi kaɗan daga cikin kwaɓin a cika waɗansu ƙananan akwatuna na ƙarfe. Tsawo da faɗi da tsayin kowane akwati santimita 15 ne, watau wajen inci 6. Kashegari a fitar da dunƙulen, a rubuta kwanan wata a jikinsa, a ajiye shi cikin ruwa. Bayan kwana 7 a sa waɗansu cikin inji a matse su har su fashe. Bayan kwana 28 a fasa sauran. A kwana 7 kankare yakan kai wajen kashi biyu cikin uku na ƙarfin da zai yi a kwana 28.

Dunƙulen nan nauyinsa wajen kilo 8 ne kawai, yaro ma yana iya ɗaukarsa. Amma in kankaren irin na ginshiƙin bene ne mai kyau, yakan ɗauki fiye da tan 50 kafin ya fashe. Watau nauyin buhun siminti fiye da 1,000 ke nan. In ya fashe tun bai kai abin da aka ƙayyade ba, injiniya zai tsai da aiki, a sake bincika abin da aka zuba ran nan, wani lokaci har a rushe shi. Gara a yi asarar siminti da a yi asarar mutane.

Mu a ƙauye ba mu da inji, amma muna iya gwada yashi. Ku sami kwalba fara, ku zuba yashi zuwa rabi, ku ƙara ruwa ya rufe shi sosai. Ku girgiza, ku ajiye ta kwana. Yashi zai kwanta a ƙasa, laka ta kwanta a bisansa, kowa yana ganin iyakarsu. In kaurin lakar ya kai kashi ɗaya cikin goma na yashin, ta yi yawa. Laka tana hana siminti kama yashi. Sai a wanke yashin, ko a nemo wani.

Awon Jikin Mutum

Likita ba ya fasa mutum don ya san ƙarfinsa. Yawancin awonsa irin na mai tukunya ne.

Ku tuna da ƙwaryar nan uku. Uwa tana taɓa goshin ɗanta ta ce da zafi, kaka ta taɓa ta ce babu komai. Ma'aunin zafin jiki shi ke raba su. Ana ƙirga zafi da digiri. Ruwa yana daskarewa a digiri 0, yana tafasa a digiri 100. Jikin mai lafiya kuwa wajen digiri 37 ya ke. Wani likitan Jamus mai suna Carl Wunderlich shi ya auna dubban majinyata, a 1868 ya bayyana wannan lamba. In ma'auni ya nuna 38 ko fiye, zazzaɓi ne ba shakka. A rubuta lambar safe da yamma, don malamin asibiti ya ga ko ciwo gaba ya ke yi ko baya.

Amma ba kowane zazzaɓi ne na cizon sauro ba. Nan sai likita ya yi irin na mai gyaɗa, ya ɗebi kaɗan don ya san labarin sauran. A kan soki yatsa a ɗebi ɗigon jini ɗaya, a ɗiga a kan wani ɗan faifan roba, a jira minti 15 zuwa 20. In layi biyu suka fito, akwai ciwon. In layi ɗaya ne ya fito a wurin shaida, babu, sai a nemi wani dalilin zazzaɓin. Shi layin shaida aikinsa ya nuna faifan da kansa lafiya ya ke. In bai fito ba, gwajin ya ɓaci, a sāke da sabo. Tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a riƙa gwada jini kafin a ba da maganin zazzaɓin cizon sauro. In an sha magani a kan zato, an ɓata kuɗi, ciwon gaskiya kuwa yana nan yana cin mutum.

Numfashi ma ana ƙirga shi. In yaro yana tari, a bari ya natsu, a ɗaga rigarsa, a duba agogo, a ƙirga ɗagawar ƙirjinsa minti ɗaya cur. Jariri daga wata 2 zuwa wata 11, in ya kai 50 ko fiye, numfashinsa ya yi sauri. Yaro daga shekara 1 zuwa 5 kuwa, in ya kai 40 ko fiye. Wannan alama ce ta ciwon huhu da a ke kira nimoniya. A kai shi asibiti ran nan, kada a jira gobe.

Awon Damtse

Tamowa ciwo ne mai sanɗa. Uwar da ke ganin ɗanta kullum ba ta saurin gane ya rame, kamar yadda manomi ba ya ganin tsawon dawarsa yana ƙaruwa a yini ɗaya. Amma damtsen yaro yana faɗin gaskiya. Yaron da ke samun abinci sosai, kaurin damtsensa ba ya sākewa da yawa tsakanin shekara 1 da shekara 5. In ya ragu, tsoka ce ta zube.

Akwai wani ɗan tef na awo mai launi uku, kore da rawaya da ja. Ana auna yara da shi daga wata 6 zuwa shekara 5. Ga yadda a ke yi. A nemi tsakiyar damtsen hagu, tsakanin kan kafaɗa da gwiwar hannu. Yaro ya saki hannunsa. A zagaya tef ɗin a wurin, kada a matse, kada kuma a bar shi sako-sako. Sa'an nan a duba launin da ya fito a 'yar tagar tef ɗin.

In kore ne, watau santimita 12 da rabi ko fiye, damtse ya cika. In rawaya ce, watau daga 11 da rabi zuwa 12 da rabi, yaro ya soma ramewa, a kai shi a duba, a gyara abincinsa. In ja ne, watau ƙasa da 11 da rabi, tamowa ta yi tsanani, ransa yana cikin haɗari. A kai shi asibiti nan da nan. Akwai abincin magani da a ke yi da gyaɗa da madara, yara da yawa suna warkewa da shi in an kai su da wuri.

A duba ƙafafu kuma. A danna bayan ƙafafun yaro duka biyu da babban yatsa, a ƙirga 1, 2, 3 a hankali, a ɗaga. In gurbin yatsa ya zauna a ƙafa biyun, kumburin tamowa ne, ba ƙiba ba. Shi ma sai asibiti, ko da tef ya nuna kore.

Kada wani ya ce wannan aikin masu ilmi ne kaɗai. A ƙasar Mirya, kusa da Damagaram a Nijar, tsakanin 2013 da 2014, an koya wa dubban iyaye mata auna 'ya'yansu da tef ɗin nan. Da aka kwatanta aikinsu da na ma'aikatan lafiya na ƙauye, sai aka ga iyayen ba su gaza ba. Ga shi kuwa uwa kullum tana tare da ɗanta, ba sai ta jira ranar zuwan ma'aikaci ba.

Wa Ke Auna Mudu?

Kowa ya san mudun da aka buga wa gindi ya shige ciki. Ma'auni ma yana yin ƙarya, ko da gangan ko don tsufa. Saboda haka shi ma sai an gwada shi.

Tun daga 1889 aka ajiye wani ɗan dunƙulen ƙarfe mai daraja kusa da Faris, babban birnin Faransa, aka ce nauyinsa shi ne kilo ɗaya. Ƙasashe suka karɓi irinsa, suna gwada duwatsun awonsu da shi. A 2019 masana suka daina dogara ga dunƙulen, suka koma ga wani lissafi da ba ya tsatsa, ba ya gogewa. Amma nauyin kilo bai sāke ba. Kilon Kano shi ne kilon Maraɗi, shi ne na Landan. A Nijeriya kuma akwai ma'aikatan awo na gwamnati, waɗanda aikinsu ne duba sikeli da famfon gidan mai.

Ku ma kuna iya kiyaye abu kaɗan. Kafin a ɗora kaya ko yaro a kan sikeli, ku duba allurar tana kan 0. In kuna shakka, ku tuna ruwa lita ɗaya nauyinsa kilo ɗaya ne, ban da nauyin mazubinsa. Kada ku dogara ga awo sau ɗaya in abin mai muhimmanci ne. Injiniya ba dunƙule ɗaya ya ke fasawa ba, yakan fasa uku ya ɗauki matsakaici. Likita ma ba ya ce wa mutum yana da hawan jini don awon rana ɗaya, sai ya sāke aunawa wata rana. Ku kuma adana katin awon yaro kamar yadda ku ke adana takardar gona, don lambar watan jiya ita ke ba lambar yau ma'ana.

Wannan duka ba ya nufin a raina ido. Ido ne ke fara ganin tsaga a bango, shi ke ganin yaro ya daina wasa. In ya gani, ya yi nasa aikin. Sai ku kawo mudu.

Tambayoyi

1. Don me hannu biyu suka ba da shaida dabam a kan ruwa ɗaya?
2. Mene ne bambancin gwajin mai tukunya da na mai gyaɗa?
3. Kwana nawa a ke jira kafin a yi wa dunƙulen kankare gwajin ƙarshe?
4. Yaya za ka gane yashi yana da laka da yawa?
5. In tef ɗin awon damtse ya nuna ja, me ya kamata a yi?
6. Me za ka duba a jikin sikeli kafin a ɗora kaya?